Shekarar da Baffa Ya Yi Lacca

Bara aka rushe zauren gidanmu na Garwa. 'Ya'yan ƙannena suka ce ya tsufa, ga shi a bakin hanya, gara a yi shaguna a wurin. Ban hana ba, don wadda ta yi aure ta bar gida tun tana da ƙuruciya ba ta da bakin hanawa. Yanzu in na je, masu sayar da waya nake tararwa, kowane shago da kiɗan da ke tashi a cikinsa, samari sun toshe kunnuwa, kowa yana sauraron nasa shi kaɗai, yana dariya shi kaɗai. Sai in tsaya ina lissafa inda tabarmar mahaifina take a da, da inda randar ruwa take, da ƙofar ciki inda nake zama. Wani yaro ya taɓa tambayata ko caji nake nema. Na ce masa a'a, wucewa nake yi.

Garwar da na tashi a cikinta ba ta da wannan hayaniya. Tana da tata ƙarar, amma kowace ƙara da lokacinta. Da asuba ladanai, sai tabare su ɗauka daga gida zuwa gida, sai masu tallan nono su shigo unguwa suna kira da Fillanci. Da damina, in Binuwai ta cika ta batse, akan ji jiniyar jirgin ruwa daga tasha, yara mu zuba da gudu mu je kallo, a dawo a sha faɗa. Da kaka kuwa manyan motocin auduga ne ke ratsa gari, farin gashinta yana maƙalewa a rassan darbejiya. Da rana tsaka zafi kan kwantar da kowa, har akuya ba ta motsi. Kakanmu da fatauci ya zo daga ƙasar Kano, da goro da tufafi, ya ga wuri ya zauna. Shi ya sa muka tashi da baki uku: Hausa a cikin gida, Fillanci a kasuwa da makwabta, Faransanci a lekol, wato makarantar boko. Mahaifina, wanda muke kira Baba, yana da biyun farko. Na ukun kuwa bai wuce abin da zai yi ciniki da shi ba.

Duk da haka akwai abu ɗaya na Faransanci da ba ya bari ya wuce shi. Kowace shekara, in ruwa ya ɗauke, gidan rediyon ƙasa kan zaɓi mutum ɗaya daga cikin manyan masana, ya yi lacca Lahadi bayan Lahadi har ya ƙare abin da ya ɗauko. Konferans muke ce mata. A wani babban ɗakin taro a Yawunde ake yinta, mu kuma muna jin komai, har tarin mutane da jan kujeru da tafin da ake yi a ƙarshe. Baba yakan ce ƙasar da kake kwana a cikinta, ya kamata ka ji abin da masu tunaninta ke faɗa, ko da da aron kunne ne. To, aron kunnen shi ne yayana, ɗan farin gidanmu, wanda muke kira Hamma. Shi ke zama kusa da rediyo yana juya maganar zuwa Hausa. Baba da Inna ba sa kama sunansa saboda alkunya. Kakarmu, wadda ake kira Goggo, ita ta raine shi, don haka a cikin gida Na-Goggo ake ce masa, kuma ban da 'yan gida ba wanda ya san wannan suna.

Ranar Lahadin lacca aikina ya fi na kullum. Tun bayan azahar nake share zaure, in yayyafa ruwa don ƙasa ta yi sanyi, in shimfiɗa tabarmi, in cika randa, in hura gawayin shayi. Baba da kansa yake cire rigar da Inna ta ɗinka wa rediyon, ya sa sababbin pil, wato batura, ya goge shi da gefen rawaninsa. Ana sallame la'asar mutane za su fara shigowa. Akwai limamin unguwarmu, akwai wani Bafillace dillalin shanu, abokin Baba tun suna yara, sai waɗanda suka samu. Na ji laccar wani likita a kan ruwan sha da cututtuka, na ji ta wani a kan rikicin makiyaya da manoma, wadda dillalin shanu ya yi ta musu da ita har shayinsa ya huce. Wata shekara mace ce ta yi, masaniyar shari'a, zauren ya cika da mamaki, daga baya Liman ya ce ai gaskiya ba ta da gemu. Baba shi ma yakan yi gardama da rediyo kamar mai laccar yana gabansa. Yakan ɗaga hannu ya ce wa Hamma ya faɗa masa ba haka ba ne, a yi dariya. Bayan an rufe rediyo kuma akan kai magariba ana tauna maganar, wani lokaci har mako ya zagayo ba a gama ba. A yau magana ta yi yawa har ta yi arha, kafin ka haɗiye wannan an miƙo maka wata. A wancan zamani magana ɗaya takan ciyar da zaure shekara guda.

Da Hamma ya gama karatu ya sami aikin akawu a Yawunde, sai zauren ya rasa kunne. Ƙannena maza ƙanana ne, ni kuwa na shiga lise, wato makarantar sakandare. Baba ya yi kwanaki yana juya abin, ranar Lahadi ya aiko a kira ni. Ya sa aka ajiye mini kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofar ciki, rabin jikina a zaure, rabi a gida. Ranar farko muryata ƙasa-ƙasa take fita, Liman ya ce in ɗaga, ilimi ba a yi masa raɗa. Tun daga nan na zama bakin rediyo. Nan na koyi cewa fassara ba ɗaukar kalma ba ce a ajiye wata. Sai ka bari mutum ya kai ƙarshen numfashinsa, ka gane inda ya dosa, sannan ka bi ta hanyar da mutanenka suka saba bi, ka kai su can.

Sai aka shiga shekarun da ba a son tunawa. Wata safiya aka ji an yi harbe-harbe a Yawunde, babban birni, rediyo ya yi ta kiɗan soja, bayan ƙura ta lafa aka shiga kamun mutane, akasari 'yan arewa, mai hannu da marar hannu. Hamma ba soja ba ne, bai taɓa riƙe ko wuƙar yanka ba sai da layya. Amma wani maƙwabcinsa ya aiko da saƙon baki cewa an zo an tafi da shi, da rigar barci a jikinsa. Matarsa a lokacin tana gidanmu. Ta yi wankan jego a wurin iyayenta a Kuseri, ta iso Garwa da jaririnta tana jiran ya zo ya ɗauke su. Jiran da ta shiga ke nan.

Muna da wanda muka sa rai da shi. Baba yana da ƙane, Baffa, wanda aka kai lekol tun yana ƙarami, ya yi karatu har ƙasar Faransa, ya dawo yana koyar da tarihi a jami'a. Baba ne ya yi ɗawainiyarsa bayan rasuwar mahaifinsu, kuma yana alfahari da shi, ko da yake ba ya nunawa. Sai Baba ya shirya, ya hau mota zuwa Ngaundere, ya hau jirgin ƙasa, ya sauka Yawunde, garin da bai taɓa takawa ba. Abin da ya faru a can daga bakin Inna na ji shi, don Baba sau ɗaya ya faɗa, ita kaɗai ya faɗa wa. Baffa a bakin ƙofa ya tare shi, yana waige-waige. Bai ce ya shigo ba, bai ba shi ruwa ba. Ya ce ya koma Garwa a jirgin da zai tashi a ranar, kada ya tambayi kowa, kada ya ambaci sunan yaron a ko'ina. Baba ya dawo ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ya ce daga yau ba shi da ƙane a Yawunde. Duk wanda Baffa ya aiko da saƙo bayan haka, Baba kan tsayar da shi tun kafin ya buɗe baki, ya ce ya sha ruwa ya kama hanya.

Rashin sani ya fi dare duhu. Mutuwa tana da ladabinta, akan yi wanka, a yi salla, a zauna makoki, a share hawaye, a tashi. Mu kuwa ba mu da gawa, ba mu da mai rai. Inna ba ta iya kuka a fili, ɗan fari ne, sai dai in gan ta tsaye da muciya a hannu tuwo yana ƙonewa. Matar Hamma kullum da la'asar takan yi wanka ta sa lalle da kwalli, ko da zai shigo. Jaririn ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya fara zuwa makarantar allo, ana nuna masa hoto ana cewa babanka ya yi tafiya. Iyayen matar Hamma suka zo daga Kuseri, Liman ya bayyana musu cewa shari'a ta ba ta hanya in tana son a raba auren. Ta ce ba ta ji an ce ya mutu ba. Baba ma ya ce ba zai karɓi gaisuwar ɗan da ba wanda ya ce masa ya rasu ba. A gari kuwa ba mai tambaya. Baki shi ke yanka wuya, in ji mutane, sai kowa ya kama nasa. Gidaje da yawa a Garwa suna da irin ciwonmu, muna haɗuwa a wajen biki da suna, mu gaisa, mu tambayi lafiyar kowa ban da mutum ɗaya.

A kan wannan kuma sai ga abin da ake kira kiriz, wato matsin tattalin arziki. Albashi ya daina zuwa a kan kari, ma'aikatan da ke ɗaukar shadda a shagon Baba suka ɗauke ƙafa, jiragen ruwa suka daina zuwa, tasha ta zama wurin shanya. Amma ko a shekarun nan Baba bai fasa laccar ba. In ba a sami sababbin pil ba, akan shanya tsofaffi a rana. Sai dai ya daina gardama da rediyo. Yakan saurara kawai, in an gama ya ce Allah ya sa mu dace.

Ina dab da aure aka sanar da mai laccar wannan shekara. Ni na ji sanarwar, ina tankaɗe a tsakar gida, sunan Baffa ne cikakke, da na kakanmu a ƙarshe. Na rasa yadda zan faɗa, sai na faɗa wa Inna, ita ta kai. Baba ya ce a wannan shekara rediyo zai huta. Ranar Lahadi mutane suka zo kamar yadda suka saba, suka tarar ba a cire masa riga ba. Can Liman ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ko an yi faɗa da mai rijiya ba a yin faɗa da ruwa. Daga bisani Baba ya ce bai taɓa hana baƙo abin da ya zo nema a zaurensa ba, su ji, shi ba zai ji ba. Ya juya fuskarsa bango, ya kama carbi.

Da muryar Baffa ta fito sai na ji kamar muryar Baba ce sak, sai dai da Faransanci. Abin da Baffa ya ɗauko shi ne yadda al'ummun ƙasar nan suke rabuwa da matattunsu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mutanen kurmi, da na duwatsu, da masunta na bakin kogin Logon, da mu Musulmin birane. Ya ce in kana son sanin mutane, kada ka dube su ranar biki, ka dube su ranar da suka yi rashi. Ya ce kabari ba don mamaci kaɗai ake haƙa shi ba, don masu rai ne, su san inda za su ajiye baƙin cikinsu su koma gona. Ina fassarawa ina satar kallon bayan Baba. Lahadin farko carbin bai tsaya ba. Lahadi ta biyu na ga yana tsayawa in na yi jinkiri, kamar mai jiran in ƙarasa. Daga baya ya daina juya baya gaba ɗaya, ya zauna a karkace, ido a ƙasa.

A Lahadin ƙarshe Baffa ya yi magana a kan waɗanda suka mutu nesa da gida: fatake da mahajjatan ƙafa na zamanin da, da waɗanda ruwa ya ci. Ya ce kowace al'umma tana da hanyar kai irin wannan labari, domin babu zaluncin da ya kai a bar uwa tana jiran wanda ba zai dawo ba. Ya kawo misalin wasu ƙabilu da harsunansu, yana fassarawa. Sannan ya ce zai kawo na garinsu, yadda ƙane yake zuwa zauren wansa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Na faɗi wannan da Hausa, na ja numfashi ina jiran abin da zai biyo. Sai na ji Hausa tana fitowa daga cikin rediyon, Hausar gidanmu, a hankali.

"Salamu alaikum, Yaya. Ya haƙuri? Na-Goggo ya riga mu gidan gaskiya, tun a shekarar da ya tafi. Na je inda yake kwance, na yi masa addu'a. Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri, ya ba mahaifiyarsa da iyalinsa haƙuri."

Daga nan ya koma Faransanci, ya ce wa mutanen ɗakin taron wannan ita ce gaisuwar mutuwa irin ta Hausawa, ya ci gaba da laccarsa. Ni kuwa bakina a buɗe yake, na shirya fassara, babu abin fassarawa. Dillalin shanu ya dubi Liman, don su ba su san sunan ba. Amma sun ga fuskar Baba. Carbin ya zame daga hannunsa. Ya ɗago ya dubi rediyon, ya amsa kamar yadda ake amsa wa wanda ya shigo gaisuwa.

"Haƙuri sai ma'aiki. Na gode."

Ya yi salati, ya ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Sannan ya juyo gare ni ya ce in shiga in faɗa wa uwata. Ban kai ga tashi ba, don Inna tana tsaye a bayana, ban san tun yaushe ba, matar Hamma tana riƙe da kafaɗarta. A ranar na fara jin kukan Inna. Ba mai ƙara ba ne, wani siririn sauti ne kamar na ƙofar da ta daɗe a rufe. Rediyo yana ta magana shi kaɗai har aka yi tafi, ba wanda ya tuna ya kashe shi.

Ba a yi shela ba, don zamanin bai ba da wannan dama ba. Baba ya ce za a yi sadaka ta magabata. Aka yi waina da gumba, aka sauke Alƙur'ani. Amma Garwa ta ji laccar, kuma masu jin Hausa ba su da wuyar ganewa. Mutane suka yi ta zuwa, har waɗanda ba mu sani ba, su tuɓe takalmi, su ce ya haƙuri, ba mai kama suna. Wata tsohuwa da nata ɗan ya ɓata a shekarar da aka kama Hamma ta riƙe hannun Inna ta ce, ke kam Allah ya sauke miki. Liman ya gaya wa matar Hamma cewa a hukunci takabarta ta daɗe da wucewa. Ta ce ta ji, amma ta cire 'yan kunnenta, ta wanke kwalli, ta zauna ta yi ta daga farko. Da ta fita, Baba da kansa ya raka ta Kuseri, daga baya ta yi aure a can, ta bar mana yaron.

Baffa ba a ƙara jin muryarsa a rediyo ba. Ko wani ne ya gane, ko dai lokacinsa ne ya wuce, bai taɓa faɗa ba. Laccar kanta ba ta daɗe ba bayan haka, wata shekara aka jira sanarwa ba a ji ba, aka ce sai baɗi, baɗin da bai zo ba. A lokacin ni ina ɗakin mijina.

Da damina ta zagayo Baffa ya zo Garwa. An aiko mini, na je. Na same shi ya yi furfura fiye da wansa. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shiga ya durƙusa, Baba ya ce ya tashi ya hau tabarma. Ni na kai musu ruwa, kuma ba wanda ya ce in fita. Baffa ya ce ranar da Baba ya zo ƙofarsa, akwai masu tsaye a tsallaken titi suna lura da duk mai shiga, ya ji tsoron a haɗa da Baba, kuma ya ji wa kansa tsoro, ba zai ɓoye ba. Ya ce shekaru ya yi yana bi a hankali, har ya sami wani tsohon direba da ya yarda ya kai shi wani fili a bayan gari, bisa alkawarin ba zai taɓa faɗin wanda ya nuna masa ba. Ya aiko mutane an koro su, takarda kuwa ba ta da amana a lokacin. Sai ya tuna akwai ƙofa ɗaya da wansa bai taɓa rufewa ba.

Baba ya saurara har ya gama, bai katse shi ba, bai kuma ce ya yafe ba, don a wurinsu ba da baki ake faɗin wannan ba. Ya tura masa kofin ruwa. Ruwan sama ya fara sauka a kan kwano. Can ya yi tambayar da na tabbata ita ce ta hana shi barci tun ranar laccar.

"An fuskantar da shi gabas?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Na ga yana iya cewa e, ba wanda zai ƙaryata shi har abada.

"Ban sani ba, Yaya. Fili ne kawai, ciyawa ta rufe. Kuma ba shi kaɗai ba ne a wurin."

Baba ya gyara zama, ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"To. Wanda ya yi gabas ɗin ya san inda yaron yake," in ji shi. Ya dube ni. "Je ki ce wa uwarki ta ƙara tuwo, baffanku a nan zai kwana."